Bayan Ƙurunƙus: Me Ya Sa Kashi Na Biyu Ke Ba Mu Kunya?

Akwai wani shiru da duk ma'abocin kallon fim ya sani. Shi ne shirun da ke biyo bayan kashi na biyu na fim ɗin da kake ƙauna. Ka yi wata da watanni kana jira, ka kalli tallarsa ya fi sau goma, ranar da ya fito ka sayi data ko ka je aka tura maka a waya, ka nemi wuri ka zauna. Awa biyu suka wuce, sunaye suka fara hawa. Abokinka ya dube ka, ka dube shi. Can ɗayanku ya nisa ya ce, "Ba laifi, amma gaskiya na ɗaya ya fi."

Wannan magana an faɗe ta a Kano, an faɗe ta a Mumbai, an faɗe ta a Los Angeles. Asarar kuma ba ta tsaya ga kuɗi da lokaci ba. Mummunan kashi na biyu yakan koma baya ya ɓata maka na farko, ta yadda in ka sake kallonsa ba za ka ji daɗin da ka ji a da ba, don yanzu ka san inda aka kai jarumin da kake so. Shi ya sa tambayar ta cancanci a zauna a kanta: ga jaruman nan dai su ne, sau da yawa daraktan ma shi ne, kuɗin da aka kashe ya ninka na farko, to me ke lalacewa?

Kafin mu shiga, sai mu ware abu biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai labarin da tun asali guda ne, aka raba shi biyu don tsawonsa. Baahubali na S. S. Rajamouli haka yake. Na farko, wanda ya fito a 2015, ya tsaya ne daidai inda Kattappa ya faɗi da bakinsa cewa shi ya kashe ubangidansa, aka bar duniya shekara biyu tana tambayar dalili. Da na biyu ya fito a 2017 sai ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya tara sama da rufi biliyan 10. Wannan bai ba kowa mamaki ba, domin bashi ne aka ci, aka zo aka biya. Wanda nake magana a kansa shi ne ɗayan: labarin da ya ƙare, aka yi masa ƙurunƙus, sannan ganin ya yi kasuwa aka koma aka tono shi.

Gizo da ɗan Adam

A ganina jaruman labari iri biyu ne. Akwai irin Gizo. Gizon da ya cuci Ƙoƙi jiya shi ne zai cuci Kura gobe. Ba ya daddara, ba ya tuba, ba ya girma, kuma ba ma so ya yi, don daɗin tatsuniyarsa shi ne ganin tsohon hali a sabon tarko. Irin wannan jarumi ana iya yi masa labari ɗari. James Bond haka yake, tun daga Dr. No a 1962 har zuwa fim na 25 a 2021. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma haka: ka sa shi ɗan sanda, ka sa shi malami, ka sa shi attajiri, Ibro ne dai, kuma ba wanda ya taɓa ƙorafin cewa bai canza ba.

Akwai kuma jarumi irin ɗan Adam, wanda labarinsa gaba ɗaya a kan canjinsa aka gina shi. Ya shigo da wani ciwo, ko wani tsoro, ko wata makanta, abin da ya same shi ya tilasta masa fuskantar ta, a ƙarshe ya fita wani mutum daban. Ranar da canjin ya cika, labarin ya ƙare. Yawancin finafinan da ke shiga zuciyar mutane na wannan rukuni ne, kuma su ne ke yin kasuwar da ke sa a ce a yi na biyu. To a nan matsalar take. Yawancin kashi na biyun da ya ba mu kunya, ɗan Adam aka ɗauka aka mayar da shi Gizo.

Babu misalin da ya fi Rambo. Da yawa daga cikinmu a gidan kallo muka san shi, ba riga, tsumma ɗaure a ka, bindiga a hannu, yana karkashe sojoji kamar ana girbin dawa. Amma duk wanda ya koma ya kalli na farko, First Blood na 1982, zai sha mamaki. Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam, ya yi tattaki zuwa gidan abokinsa na ƙarshe da ya rage, ya tarar ciwon daji ya kashe shi. Yana tafe a ƙasa ya shiga wani ɗan gari yana neman abin da zai ci, shugaban 'yan sandan garin ya ga gashinsa da tsohuwar rigarsa ya ɗauke shi a mota ya fitar da shi bayan gari. Da ya juyo sai aka kama shi. A ofishin 'yan sanda aka wulaƙanta shi, aka zo da aska za a yi masa aski da ƙarfi, ganin askar ya tuna masa azabar da ya sha a hannun abokan gaba, ya ɓalle ya shiga daji.

A duk fim ɗin mutum ɗaya aka nuna ya mutu, shi ma faɗowa ya yi daga jirgi mai saukar ungulu yana ƙoƙarin harbin Rambo. Ƙarshensa kuma ba nasara ba ce. Ƙato ne ya durƙushe yana kuka a jikin tsohon kwamandansa, Kanar Trautman, yana ba da labarin abokinsa da bam ya tarwatsa a gabansa, yana cewa ya kasa riƙe ko da ƙaramin aiki tun da ya dawo. Fim ne a kan abin da yaƙi ke yi wa wanda ya yi shi, da yadda ƙasa ke watsar da 'ya'yan da ta tura. A littafin David Morrell na 1972, wanda daga shi aka ɗauko labarin, Rambo mutuwa ya yi a ƙarshe.

Shekara uku bayan haka, a 1985, sai ga na biyu. An fito da shi daga kurkuku an mayar da shi Biyetnam ɗin nan da ta lalata masa rayuwa, an ba shi baka da kibau masu fashewa, ya yi ta kisa ba adadi, 'yan kallo na tafi. Mutumin da yaƙi ya zame wa ciwo, yanzu yaƙi ne maganinsa. A 1988 aka kai shi Afganistan. Sunan yana nan, fuskar Sylvester Stallone tana nan, amma mutumin da ya yi kuka a 1982 an binne shi ba jana'iza. Abin da ya rage Gizo ne mai bindiga, a kai shi kowace ƙasa ya yi abin da ya saba.

Dabaru uku na tono labari

Marubucin da aka ba aikin rubuta ci gaban labarin da ya ƙare yana cikin tsaka mai wuya. Ƙofa a rufe take, an ce ya shiga. Galibi ɗaya daga cikin hanyoyi uku yake bi, kuma kowacce tana da kuɗin da ɗan kallo ke biya.

Ta farko ita ce a sa kowa ya manta darasin da ya koya. A Jaws na Steven Spielberg, 1975, shugaban 'yan sandan wani gari na bakin teku mai suna Brody ya yi ta gargaɗin cewa akwai ƙaton kifi mai cin mutane a ruwa, magajin gari ya ƙi rufe wurin wanka don kada 'yan yawon buɗe ido su gudu, har aka yi asarar rayuka. A Jaws 2 na 1978, garin nan ne, magajin garin nan ne, Brody ya sake cewa akwai kifi, aka sake ƙaryata shi, har aka kore shi daga aiki. Ɗan kallo na zaune yana tambayar kansa, shin mutanen nan ba su ne suka binne 'yan uwansu shekarun baya kaɗan ba? Kafin a kai na huɗu a 1987 abin ya zama abin dariya, kifi ne ke bin iyalin Brody tun daga Amurka har tsibiran Bahamas, wai ramuwar gayya.

Ta biyu ita ce a rushe nasarar da aka samu. Terminator 2 na 1991 gaba ɗayansa a kan ceton yaro John Connor ne. Uwarsa ta sha wuya, mutum-mutumin da Arnold Schwarzenegger ya fito a matsayinsa ya sadaukar da kansa a cikin narkakken ƙarfe, muka tashi da ƙwalla. A 2019 aka yi Terminator: Dark Fate a matsayin ci gabansa kai tsaye, kuma a mintunan farko aka harbe yaron ya mutu. Wato duk abin da muka riƙe numfashi a kansa a 1991 aikin banza ne. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake ba da zuciyarsa ba, domin ya gane cewa a wannan duniyar ba nasarar da ke tabbata, sai wadda kamfani ya ga dama.

Ta uku, wadda ta fi yawa, ita ce a ƙara yawan komai. In bos ɗaya ne a na farko, a kawo goma. In mota aka fasa, a fasa gari. A The Matrix na 1999 mun ji tsoron Agent Smith guda ɗaya, domin Neo bai san ƙarfinsa ba tukuna, kuma duk wanda ya tsaya gaban irin su Smith mutuwa yake. A ƙarshen fim ɗin Neo ya tsayar da harsasai da hannu, ya tashi sama. To wa zai tsorata mu kuma? A The Matrix Reloaded na 2003 sai aka tara masa Smith kusan ɗari, suka yi ta dambe, da ya gaji ya tashi sama ya tafi abinsa. Har sai da marubutan suka jefa shi wani dutse mai nisa kafin a yi tseren motocin nan na kan babbar hanya, don sun san in yana wurin ba sauran fargaba. Smith ɗaya ya fi ɗari ban tsoro, domin tsoro ba a yawan abokan gaba yake ba, a raunin jarumi yake.

Speed ma haka. Na 1994 dabara ɗaya ce tak: bam a motar bas, in gudunta ya sauka ƙasa da mil 50 a awa, wato kimanin kilomita 80, za ta tashi, ga kuma cunkoson birni. Keanu Reeves ya ƙi fitowa a na biyu, aka yi shi a 1997 ba shi, aka mayar da labarin kan ƙaton jirgin ruwan shaƙatawa. An sami girma, an rasa gudu, a fim ɗin da sunansa ma gudu ne. Ya ci fiye da ninki uku na kuɗin na farko, ya dawo da ƙasa da rabin abin da na farko ya kawo. Garin neman gira aka rasa ido.

Sa'a ba ta da kashi na biyu

Sai dai adalci ne mu faɗi cewa ba duka laifin masu shiryawa ba ne. Akwai wani lissafi mai sauƙi da mukan manta. Ba kowane fim ake yi wa na biyu ba, sai wanda ya yi fice a cikin ɗaruruwa. Fice irin wannan kuwa ba gwaninta kaɗai ke kawo shi ba, sai an haɗa da dace: labari ya dace da jarumi, waƙa ta dace da lokaci, fitowarsa ta dace da abin da ke zukatan mutane a shekarar. Gwaninta ana iya sake ɗauko ta aiki, dace kuwa ba a yi masa kwantiragi. Manomin da ya sami damina ta musamman bana, in baɗi ya sami madaidaiciya sai ya ga kamar ya yi asara, alhali gonarsa ta koma yadda ta saba ne kawai.

Jaws ɗin nan ma shaida ne. Kifin roba mai inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, Spielberg kuma lokacin yana ɗan shekara 27, ba yadda zai yi. Dole ta sa ya ɓoye kifin, ya bar kiɗan John Williams da motsin ruwa da wasu ganguna masu ruwan ɗorawa su riƙa sanar da zuwansa. Sai an wuce awa guda kafin a ga dodon sosai. Abin da ba ka gani ba kuwa ya fi wanda ka gani firgitarwa. Matsala ce ta haifi gwanintar. Waɗanda suka zo daga baya suna da kuɗi, suka yi ta nuna kifin tun da wuri, kowa ya ga roba ce. Sau da yawa rashi ne ke sa mai fasaha tunani, wadata kuma ta sa ya daina.

Mu ma 'yan kallo muna da namu kason. Abu biyu muke nema waɗanda ba sa zama a tukunya ɗaya: a ba mu irin na jiya sak, kuma a ba mu mamaki kamar jiya. In aka maimaita mu ce ɗumame ne, in aka canza mu ce an ci amanarmu. Joker na 2019 an yi shi da ƙasa da dala miliyan 100, ya tara sama da biliyan ɗaya, Joaquin Phoenix ya ci kyautar Oscar. A 2024 darakta Todd Phillips ya dawo da na biyu, ya ƙi ba mutane abin da suka zo nema. Ya cika shi da waƙe-waƙe da zaman kotu, ya sa Arthur Fleck ya tsaya gaban alƙali ya ce shi ba wani Joker ba ne, shi mutum ne mara lafiya da ya yi kisa, daga ƙarshe aka kashe shi a gidan yari. An kashe wa fim ɗin kusan dala miliyan 200, abin da ya dawo da shi bai fi haka da yawa ba. Ni ban ce fim ne mai kyau ba, yana da ja, kuma waƙoƙin na tsayar da labari maimakon su tura shi. Amma tambayar da ya yi ta gaskiya ce, kuma wani ɓangare na fushin da aka yi da shi fushin wanda aka nuna wa madubi ne.

Sannan akwai abin da ba darakta a duniya da zai iya dawo maka da shi, wato kai kanka. Fim ɗin da ka kalla kana ɗan shekara goma sha biyar, a kan benci, da kuɗin da ka tara na tara, tare da abokan da yau wasunsu sun rasu, ba fim kaɗai kake tunawa ba. In aka yi na biyunsa bayan shekara ashirin, ƙuruciyarka kake zuwa nema a ciki, kuma ba ta nan.

To me ya sa ba a dainawa?

Amsar a aljihu take. Kunyar da fim ya ba ɗan kallo daban, faɗuwarsa a kasuwa daban. Rambo na farko ya tara kimanin dala miliyan 125, na biyun da na gama kushewa ya tara kusan miliyan 300. Gadar 2 na Sunny Deol, wanda ya zo a 2023 bayan shekara 22 da na farko, masu sharhi da yawa ba su yaba masa ba, amma ya shiga sahun finafinan da suka fi kawo kuɗi a Indiya a shekarar. Ana nuna famfon nan na tuƙa-tuƙa da jarumin ya tumɓuke a 2001, silima ta kaure da ihu. Ba sabon labari aka saya ba, tuna baya aka saya.

Ga mai zuba jari, sabon labari caca ne, sai ya kashe maƙudan kuɗi kafin mutane su san sunansa. Tsohon suna kuwa ya riga ya tallata kansa. Saboda haka akan sa ranar fitowar na biyu tun kafin a san me za a ce a cikinsa, marubuci ya zo daga baya yana cike gurbi. Na farko wani ne ya kwana da labari a ransa shekara da shekaru yana neman mai ba shi kuɗi. Na biyu kuɗi ne ke yawo suna neman labari. Wani lokaci kuma cacar takan ƙi ci, kamar yadda Indian 2 na Shankar da Kamal Haasan ya sha kaye a 2024, shekara 28 bayan na farko. Amma muddin muna biya kafin mu gani, lissafinsu na fita sau da yawa.

Waɗanda suka tsira

Duk da haka akwai kashi na biyun da ya kai na farko, har da wanda ya fi shi, kuma in ka duba za ka ga abu ɗaya suka yi. Ba su tambayi "me za mu ƙara?" ba. Sun tambayi "nasarar nan da aka samu, nawa ta ci, kuma wa zai biya?"

The Godfather na 1972 ya ƙare Michael Corleone ya gaji kujerar ubansa, an rufe ƙofa a fuskar matarsa. Francis Ford Coppola bai mayar da shi baya ba a na biyu, 1974. Ya bi shi gaba ne, yana jera rayuwarsa da ƙuruciyar ubansa Vito: uban ya shiga ta'asa yana gina iyali, ɗan yana rusa iyali da sunan kare shi, har ya sa aka kashe ɗan uwansa Fredo, ciki ɗaya. Fim ɗin ya ƙare yana zaune shi kaɗai, ya ci kowa da yaƙi, ba kowa a gefensa. Ya ci Oscar shida, kuma shi ne ci gaban fim na farko da ya taɓa cin kyautar fim mafi kyau. Na uku kuwa, na 1990, Coppola da kansa bai ɓoye ba cewa matsin kuɗi na cikin abin da ya dawo da shi, kuma ana gani a jikin aikin.

Misali mafi kusa da masu kallon finafinan Indiya shi ne Drishyam na Jeethu Joseph, wanda Mohanlal ya fito a ciki a 2013, Ajay Devgn kuma ya yi na harshen Hindi a 2015. Wani magidanci ne mai ƙaramin ilimi, mai yawan kallon fim. 'Yarsa ta kashe ɗan wata babbar jami'ar 'yan sanda da ya zo zai ci mutuncinta, uban ya ɓoye gawar, ya shirya wa iyalinsa labarin da ya gagari masu bincike. Mun tashi muna murna talaka ya yi nasara. Da na biyu ya zo a 2021, ba a kawo sabuwar gawa ba. An nuna mana gidan ne bayan shekara shida. Mutumin ya yi arziki har ya mallaki silima, amma 'yar tana firgita da jin jiniyar 'yan sanda, matar ba ta barci, mutanen garin da suka goya masa baya jiya yanzu hassada ta sa suna tsegumi, maƙwabtan da aka yarda da su ashe 'yan sanda ne. Wanda ya tsere wa kotu bai tsere wa tsoro ba. Wannan tambayar tana kwance a cikin na farko tun asali, na biyu ɗaga ta kawai ya yi.

Wata hanyar kuma ita ce a gane cewa jarumin Gizo ne, a yi masa sabuwar tatsuniya ba tare da an jingina ta da tsohuwa ba. Haka Rajkumar Hirani ya yi: bayan Munna Bhai M.B.B.S. na 2003, sai ya ɗauki Munna da Circuit ya sa su a wani labari daban a 2006, inda ɗan daba ya haɗu da koyarwar Gandhi. Mu ma muna da wannan darasi a gida tun ƙarshen shekarun 1930. Magana Jari Ce littafi uku ne, akun nan kuma yana cikin dukkansu, amma Abubakar Imam bai maimaita dalilin ba da labari ba. A na ɗaya aku na ba da labari ne don ya tsare ɗan sarki kada ya fita, a na biyu gasa yake da wani aku, a na uku ɗansa yake koya wa sana'ar. Kowane littafi da abin da za a rasa in labarin bai yi daɗi ba.

Namu na gida

A Kannywood matsalar ta ɗauki wata siffa. Tun zamanin kaset, lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke yanke wa fim hukunci, mun saba da na ɗaya da na biyu, daga baya a faifai har da na uku da na huɗu, kamar yadda littattafan soyayya na lokacin ke fitowa kashi-kashi. Sau da yawa labarin kaset ɗaya ne aka ja shi ya cika biyu, don a sayar sau biyu. Wanda ya kalli irin waɗannan ya san alamominsu: a buɗe na biyu da dogon tuna baya, a ƙara waƙa inda ba a buƙata, a sa mutum ya fito daga gida, ya buɗe mota, ya shiga, ya tayar, a bi shi har ya isa.

Yau kaset ya tafi, finafinai masu dogon zango sun zo, a Arewa24 da YouTube, amma jarabar tana nan, ta ma ƙaru. Shirin da ke kawo masu kallo kowane mako, da talla a cikinsa, wa zai yarda ya rufe shi? Sai ka ga ma'auratan da aka sha wuya kafin a haɗa an raba su ba dalili, mugun da ya tuba ya koma ruwa, wanda ya mutu ya dawo, wata 'yar uwa da ba a taɓa ambata ba ta sauka daga ƙauye. Dabaru ukun nan ne dai na Hollywood, sanye da hula da mayafi. Shi ya sa nake ganin matakin da Aminu Saira ya ɗauka a Labarina abin lura ne, lokacin da ya ajiye labarin Sumayya ya buɗe wani sabo fil da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, a ƙarƙashin suna ɗaya. Kowa na iya faɗin ra'ayinsa a kan wanne ya fi, amma hanyar ta nuna cewa ana iya riƙe suna da masu kallo ba tare da an shaƙe labari ɗaya har ya mutu a hannu ba.

Ga marubucin da furodusa ya kira ya ce a yi na biyu, ga tambaya ɗaya kafin ya ɗauki biro: a ƙarshen na farko, akwai bashin da ba a biya ba? Akwai wanda nasarar jarumin ta cuta, ko wani abu da shi jarumin ya rasa a hanya bai lura ba tukuna? In akwai, to akwai fim. In babu, sai dai a sa mutane su manta abin da suka koya ko a rushe abin da suka gina, to gara ya kawo sabon labari, ko da kuwa za a biya shi ƙasa da haka.

Mu kuma masu kallo, mu daina ganin ƙarshen labari kamar rowa aka yi mana. Kakanninmu da ke ba da tatsuniya da dare sun san abin da suke yi da suke rufewa da ƙurunƙus, yara na roƙon a ƙara, a ce a je a kwanta. Gobe in an taru, wata sabuwa za a kawo.